Na Huɗu

Ƙanena Mudassir yana kallon 'yan zanen Japan
a wayar Baba, kafin a hura garwashin agashe.
A can, yaron da ya faɗi yakan tashi,
iska ta tsaya masa, gashinsa ya kaɗa,
ya ci tseren da numfashin ƙarshe.
Ya ce: Yaya, haka aka yi a Madani?
Na ce tashi ka ɗebo ruwa.

A Madani iska ba ta tsaya wa kowa ba.
Mita ɗari takwas, zagaye biyu.
Shekara guda ina auna su a bakin Nilu,
daga lambun mangwaron Alhaji Barau zuwa mashigar kwalekwale,
tun ladanin Maiurno bai gyara murya ba.
Na farko ɗan Kosti ne, dogo kamar gwangwala.
Na biyu ban ga fuskarsa ba.
Na uku, da na miƙa hannu da na taɓa lambar bayansa.
Uku ake ɗauka.
Ni ne wanda malamin wasanni ya dafa wa kafaɗa
yana kallon wani wajen.

Ke kuwa, Tasnim,
ina tsaye bayan waya, huhuna na ci da wuta,
sa'ad da sandar ta bar hannun Awadiya
ba ta iso naki ba.
Tazarar ba ta kai faɗin tafi ba.
Ta yi ƙara kamar cokali a kan siminti,
ta gangara layin wasu.
Kika koma kika ɗauka.
Sauran sun sha kwana tuni,
kika bi su ke kaɗai, mayafinki na dukan iska,
masu tafi suna tafin nan na tausayi
wanda ya fi dariya ciwo.

Da za mu zo, motar ta cika da waƙa.
Da za mu koma, ƙarar injin kawai,
maza a baya, mata a gaba, Malama Su'ad a tsakiya
kamar madatsar Sinnar.
A Haj Abdalla direba ya tsaya salla.
Mai shayi ta jera kofuna a gindin darbejiya,
kika zo kusa da ni kamar sukari kike nema.
Kika ce: sakan nawa?
Na ce bai kai ɗaya ba.
Kika ce: nawa ko suna ba shi da shi.
Shekara uku muna hanya ɗaya zuwa makaranta,
wannan ce maganarmu ta farko.

Lambata ta yage, tana reto a ƙirjina.
Kika cire fil ɗaya daga taki,
kika ajiye a kan benci, ba a hannuna ba.
Yana aljihuna har yanzu.
In na zauna yakan soke ni.

Baɗi shekarar jarrabawa ce, babu gasa gare mu.
Inna ta ce alhamdu lillahi, takalma za su huta,
Baba ya ce wanda ya iya gudu ya iya kai saƙon nama.

Yau da asuba ƙafafuna suka tashe ni ban tambaye su ba.
Na bi ta bayan makarantarku.
Ga ki, ga Awadiya, ga guntun rake a hannunta,
ta miƙo, kin karɓa, kun koma,
ta miƙo, ya faɗi,
kin ce: ashirin da bakwai, sake.
Babu alƙali, babu usur, sai akuya ɗaya tana kallo.

Ba ki waiwayo ba.
Amma kin ɗaga murya a ashirin da takwas.
Na durƙusa na ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba,
sannan na gangara bakin ruwa.

Mudassir, wannan ɓangaren ba sa zana shi.